Ƙofar Halwar Malam

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, kuma a nan ne na iso shekarar da na fi jin nauyin faɗa.

Kun taso kuna ganin Kawunku Lawal ba ya amsa gaisuwata. In na durƙusa na ce masa ina kwana, sai ya dubi wanda ke kusa da shi ya ce, "Ka ce mata lafiya." Kun kuma ji a bakin mutanen Zakka cewa uwarku ce ta ɗauki taɓarya ta fasa ƙofar halwar mahaifinta, ta kore masa walicci, ta kai shi asibitin masu taɓin hankali a Katsina. Masu ƙarin gishiri ma cewa suke fim na kalla ya juya mini kai. To, a ciki akwai gaskiya akwai ƙarya, kuma tunda gwiwa ta fara ƙi gara in rarrabe muku su da kaina, kafin ku gaskata wanda bai je wurin ba. Fim dai na kalla, wannan ba na musu. Taɓarya kuwa ko kallonta ban yi ba ran nan.

Ku Malam tsoho kuka sani, mai ɓoye muku dabino a aljihu. Ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Gidanmu na Zakka gidan malanta ne gaba da baya, daga Safana da Karare har nan Batsari ake zuwa karɓar rubutu da addu'a. Kowace shekara yakan shiga halwa, wato ya keɓe kansa don ibada, wani lokaci kwana bakwai, wani lokaci arba'in. Ɗakin halwar yana can ƙuryar gida bayan rumbuna, ɗan ƙarami ne mai taga ɗaya kamar tafin hannu. Dokar kuwa tun muna yara muka haddace ta: ba a yi masa magana, ba a ƙwanƙwasa ƙofa, ba a daka kusa da wurin. Inna takan ajiye fura da dabino a bakin ƙofa ta juya ba ta waiwaya ba. In zai kewaya sai ya yi gyaran murya, kowa ya shige ɗaki har ya koma. In yana da saƙo ya rubuta a allo ya jingine a waje. Yaron da ya yi dariya kusa da rumbunan nan, ranar sai ya gane kurensa.

A ranin shekarar nan aka kashe autanmu Habibu. Yana dawowa daga kasuwar Batsari mutanen daji suka tare su a hanya, shi bai kai gida ba. Malam da kansa ya yi masa wanka, shi ya sallace shi, kuma ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani a idonsa. Da Inna ta fasa kuka a tsakar gida sai ya tsaya a kanta.

"Kul. A gidan nan muke koya wa mutane haƙuri. In mu muka yi kuka, su mi za su yi?"

Inna ta haɗiye kukanta a take, mu ma muka haɗiye namu. Masu ta'aziyya suka koma suna yaba tawakkalin Malam, ni ma har da ni a masu yabon. Bayan sadakar arba'in ya ce zai shiga halwa, ba wanda ya ga abin mamaki.

Kwana arba'in suka cika bai fito ba. Aka yi wata biyu, aka yi uku, ruwa ya sauka, aka yi shuka ba shi. Furar da Inna ke ajiyewa ta fara kwana yadda aka kawo ta, sai dai a ga an ɗan kurɓa. Yaya Lawal, wanda shi ne babba kuma shi ke riƙe da makaranta, ya ce ai in bawa ya kai wani matsayi Allah ke ciyar da shi. Kafin ka ce me, magana ta cika ƙauyuka. Wani ya ce ya ga haske yana fita ta tagar ɗakin, wani ya rantse ya ga Malam a sahun gaba a masallacin Safana ranar da ko ƙofa bai buɗe ba. Mutane suka riƙa zuwa ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa nesa da ƙofar su faɗi buƙatarsu a hankali su tashi. Furar da ya bari kuwa da ludayi ake raba ta don tabarruki. Ni da nake muku wannan bayani na sha, har na ƙullo muku a leda na kawo Batsari. Duk lokacin da na je na kan tsaya bayan rumbu in kasa kunne, kuma shirun ɗakin nan yakan sa tsigar jikina ta tashi. Na ɗauka kwarjini ne.

A wata na bakwai, ana yankan gero, wani ɗan acaɓa ya kawo mini saƙon Yaya Lawal. Malam ya rubuta a allo cewa ranar Juma'a halwa ta ƙare, kuma yana roƙon kowa ya yafe masa. Ya kuma fito da kayansa ya rubuta sunan mai kowanne: alkyabba ta Yaya Lawal, butar ƙarfe ta liman, littattafai a raba wa manyan ɗalibai. Ni aka aiko mini da tabarau ɗinsa a naɗe cikin ƙyalle. Yaya ya ce an sayi rago, mu zo da wuri ranar Juma'a. Na yi murna har na yi sujada, na sa tabarau ɗin a jakata ina yawo da shi, duk wadda ta zauna kusa da ni sai na nuna mata.

Lokacin ina koyarwa a ajin matan aure na wata Islamiyya a unguwarmu. Ranar Laraba bayan azahar ma'aikatan lafiya suka zo da majigi, wai za su nuna wa mata fim. Sai da aka kai ruwa rana kafin shugaban makaranta ya yarda, bayan an tabbatar masa ba rawa ba waƙa. Aka rataye tabarmi a tagogi, aka kafa farin zane a kan allo, aka tada janareta a waje. Ajin da ke cin mata talatin ya ɗauki ninkin haka, har da waɗanda ba su taɓa leƙo makarantar ba. Gwaggo Ladi mai daddawa ta shimfiɗa ƙafafu a gaba, ita da in ana magana ba ta bari ta faɗi ƙasa. Mai kula da majigin wata ce Malama Rabi, 'yar siririya, ba ta da hayaniya.

Labarin wani magidanci ne, direba, wanda ya yi haɗari ɗansa ya mutu a motar shi ya tsira. Ya daina fita, ya daina wanka, ya zauna a ɗaki yana kallon bango. Matarsa ta yi lallashi ta gaji ta koma gori, ƙannensa suka ce asiri ne, surukinsa ya ce lalaci ne. Mata fa suka samu abin yi. Kowace da wanda take zagi.

"Matar nan ba ta iya miya ba ne," in ji Gwaggo Ladi. "A kawo mini shi kwana uku ku gani."

Aka kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce rashin tawakkali ne, wa bai taɓa rasa ɗa ba. Wata ta ce a'a, ku dubi idonsa, wannan iska ce. Sai aka nuno 'yarsa ta ajiye kwano a bakin ƙofa, aka nuno ta dawo ta ɗauke shi yadda ta kawo. Gwaggo Ladi ta tafa hannu.

"Af, ashe halwa yake. Ku ba shi fura, ku nemi albarka."

Dariyar ta tashi, amma ba ta yi nisa ba ta yanke. Na ga kawuna suna juyowa wajena ɗaya ɗaya a cikin duhun ajin, hasken majigi na haska rabin fuskokinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ji tsohuwar banza, tana haɗa waliyyi da direba. Na yi niyyar in an tashi sai na gaya mata maganar da za ta hana ta cin tuwo.

Can sai ga direban nan ya tashi da safe ya yi wanka ya sa fararen kaya. Ya fito tsakar gida yana murmushi, ya ci abinci, ya kira matarsa ya nemi gafara, ya bi ƙannensa gida gida. Ya ba wannan agogonsa, ya ba wancan takalmansa, rediyon da ba ya rabuwa da ita ya miƙa wa 'yarsa. Ajinmu ya kaure da hamdala, wata ma ta rangaɗa guɗa, Gwaggo Ladi na cewa ai dama ta faɗa, yunwa ce. Ni kuwa ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Na taɓa ƙyallen nan, na ji sanyin ƙarfen tabarau ta cikinsa. Shekara ashirin Malam ba ya iya karanta ko layi ɗaya sai da shi. In ya manta inda ya ajiye shi gidan gaba ɗaya ake tashi nema. Mutumin da ke halwa yana karatu, kuma zai fito ya ci gaba da karantarwa, me zai sa ya ba da idonsa?

A fim ɗin gari ya waye, yarinyar ta zo da kunu ta yi sallama ba a amsa ba, ta tura ƙofa. Ba su nuna abin da ta gani ba, fuskarta kawai suka nuna, suka daɗe a kanta. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta. Sai wata murya ta taso daga lungu, ba da ƙarfi ba, kamar mai magana a cikin rijiya. Asabe ce, wata ɗalibata da aka auro daga Karare, wadda shekara biyu ban taɓa jin ta yi tambaya ba.

"Haka Yayana ya yi. Har kekensa ya ba ni. Muka ce wa mutane zazzaɓi ne."

Aka yaye tabarmi, haske ya shigo, kowa na kauce wa idon kowa. Malama Rabi ta ce sunan abin ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma yakan kama mai kuɗi da talaka, jahili da malami. Ta ce lokacin da aka fi jin tsoro shi ne in mai ciwon ya fara raba kayansa yana neman gafara, don sau da yawa ya riga ya yanke shawara ne.

"Musulmi ba ya haka," in ji Gwaggo Ladi, amma muryarta ta sauka.

"Gwaggo, Musulmi ba ya zazzaɓi ne?" in ji Malama Rabi.

Ban tsaya jin sauran ba. Takalmina ma na wata na saka. Na nufi sakatariya wurin aikin babanku, abin da ban taɓa yi ba tunda ya aure ni, na sa aka kira shi waje. Na gaya masa a tsaye.

"Uwani, kin san abin da za ki jawo? In kika buɗe kika tarar da shi yana lazimi fa?"

"In na tarar da shi yana lazimi ya tsine mini, na ɗauka. In kuma ban buɗe ba fa?"

Allah Ya jiƙan babanku, nan take ya tada babur. Hanyar Zakka a shekarun nan ba a binta da yamma sai dole. Dawa ta yi tsayi ta rufe gefe da gefe, ba mota ba mai keke, har tsuntsaye kamar an hana su kuka. Duk tsawon hanyar ina rungume da jakar nan, ina addu'a ina ruɗewa, in fara wata sura in tsinci kaina a wata.

Mun isa da la'asar sakaliya. Yaya Lawal yana gona wurin yankan gero. A tsakar gida ga rago a ɗaure yana cin harawa, matan gida na surfen walimar Juma'a can nesa da rumbuna. Na wuce su ko gaisuwar kirki ban yi ba. Inna ce ta sha gabana a bakin rumbu, ta kama mini hannu. Na zaci hana ni za ta yi, na shirya faɗa. Sai ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Ɗiyata, wata shida ke nan ban ji muryar karatu a ɗakin ga ba. Da shina halwa ina jin wuridinsa har ɗakina. Na rasa wanda zan gaya wa."

Ta sake ni ta juya baya, kamar yadda ta saba in ta ajiye fura.

Na tsaya a ƙofar da tun ina yarinya ban taɓa matsawa kusa da ita haka ba. Na yi sallama sau uku, shiru. Na sa tafin hannu na ɗan tura, don in ji ƙarfin sakatar kafin in kira babanku. Sai ƙofar ta tafi. Ba sakata, ba komai. Daga baya Malam ya gaya mini tun ranar da ya shiga bai taɓa kulle ta ba. Wata da watanni ɗaruruwan mutane suna durƙusawa a gabanta, kuma ko akuya ta jingina da ita da ta buɗe.

Wari ne ya fara tarbata, warin ɗakin da ba a shara da jikin da ba a wankewa. Da idona ya saba da duhu na ga allunansa a jingine gizo-gizo ya ɗinke su, zanzaro ya yi gida a bakin kurtun tawada. Tasbaharsa na rataye a ƙusa. Shi kuma yana zaune a ƙasa a kusurwa, ba ma alƙibla yake fuskanta ba, ya rame har na ga kamar rigar ce kawai aka jingine. Hular Habibu na kan cinyarsa. Ya ɗago a hankali yana ƙifta ido.

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba wanda ya ba ni, Baba."

Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu. Na durƙusa, abin da ya fito daga bakina shi ne abin da ake ce wa kowane mara lafiya.

"Baba, yaya jiki?"

Sai na ga kafaɗunsa sun fara girgiza, wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ban taɓa ji a wurin ɗan Adam ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na rarrafa na riƙe shi, ni da ko hannunsa ban taɓa riƙewa ba tunda na girma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Da ya samu numfashi ya ce:

"Uwata, duk wanda ya zo ƙofar nan ina jin sa. Mai neman haihuwa, mai neman kasuwa, mai shari'ar gona. Ba wanda ya tambaye ni wannan."

Ya ce kwana goman farko ya yi ibada, daga nan abin ya tsaya cak. In ya ɗauki tasbaha sai hannu ya ƙi, salla ma da ƙyar yake kai ta. Ya hana Inna kuka, nasa kuma ya tokare shi a maƙogwaro dare da rana. Na ce to me ya hana ka fitowa?

"Na yi niyya ranar arba'in. Sai na ji Lawal yana gaya wa baƙi ana ganin haske a ɗakin. Da wane ido zan fito in ce musu ba kowa a ciki sai tsoho mai kewar ɗansa?"

Sannan ya nuna buzun sallarsa da haɓa, bai kalle shi ba.

"Akwai abu a ƙarƙashi. Na tanade shi don Juma'a. Na san hukuncinsa, ni nake karantar da shi. Ɗauke, ki kai inda ba zan gani ba."

Na ɗauka na naɗe a hijabina. Ba wanda na taɓa gaya wa ko mene ne, ko babanku, kuma ku ma kada ku tambaye ni.

Ina fitowa da Malam yana dafe da kafaɗata Yaya Lawal ya shigo da lauje a hannu, an riga an kai masa labari. Bai ga ramar Malam ba, ko kuma ya gani ya ƙi gani. Ya ce saura kwana biyu a kammala na zo na rushe aikin wata bakwai, ya ce shaiɗan ne ya hau ni a gidan kallo, ya ce abubuwa da yawa. Ni ma ban raga masa ba, kun san halina, na gaya masa ya mai da ubanmu kasuwa. Wannan kalma ita kaɗai nake nadama, don Yaya bai ci ko ƙwandala da halwar nan ba. Ya yarda ne da gaske, kamar yadda ni ma na yarda har ranar Laraba da azahar. Malam ne ya raba mu, da muryar da da ƙyar ake ji.

"Lawal, bar ta. Ku nemo mota."

Washegari muka kai shi Katsina. Aka kwantar da shi sati uku, aka sa shi kan magani, likita na zama da shi suna hira. Sauƙin bai zo da gudu ba, sai da aka ci rabin shekara kafin ya koma zaure. Amma masu zuwa neman addu'a sun janye, don wa zai karɓi rubutu a hannun malamin da ya kwanta a wancan asibitin? Ɗalibai suka ragu, aka fasa auren 'yar Yaya da aka riga aka sa rana, wai akwai hauka a dangi. Wannan duk a kaina aka ɗora, kuma ban ce ba ni da hannu ba. Malam ya rayu shekara shida bayan nan. Ya koma noman gyaɗa kaɗan a bayan gida, yana koya wa jikoki baƙi, wata rana ya yi dariya wata rana ya wuni shiru, in an ambaci Habibu ya yi kukansa a gaban kowa. Ya rasu a kan gadonsa da ciwon ajali, Inna na riƙe da kansa.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Yaya Lawal ya same ni ina wanke kwanuka a bakin rijiya. Ya tsaya a kaina, ya yi mini magana baki da baki.

"Da kin bar shi, da yanzu ƙabarinsa ake ziyarta. Kin kashe mana waliyyi, kin bar mu da tsoho mai shan ƙwayoyi."

Na ɗago na dube shi. Shi ma ya tsufa, idanunsa sun yi ja, kuma na san yana son Malam ba kaɗan ba. Na ce:

"Yaya, tsohon nake so."